Shafin Da Hajiya Jummai Ta Kasa Ja Wa Layi

Shekara talatin da ɗaya Hajiya Jummai ta yi tana farautar kurakuran mutane a wata maɗaba'a da ke bayan titin Zariya, kuma ko da ta ajiye aiki idonta bai ajiye ba. In ta hau adaidaita sahu daga Darmanawa zuwa Gyadi-Gyadi, allunan shaguna take bi da kallo tana gyara su a zuci. Katin ɗaurin aure in ya shigo gidan, sai ta karanta shi sau biyu kafin ta tambayi 'yar wa za a aurar. Mijinta Malam Ɗahiru yakan ce ko tsire aka kawo, sai Jummai ta gama duba jaridar da aka naɗe shi da ita kafin ta bari a ci.

A Tarauni aka haife ta, lokacin da gonakin dawa suka fi gidaje yawa. Mahaifinta masinja ne a sakatariya. Ya ga yadda ake girmama matan da ke buga keken rubutu, ya ce ita ma sai ta koya. Tana da shekara goma sha tara ta shiga maɗaba'ar a matsayin mai buga tafireta. A shekararta ta biyu aka kawo kalandar da za a buga dubu biyar, har manya uku sun sa hannu, ita kuma tana wucewa da shayin oga ta ce, "Yallaɓai, Satumba ba ta kai talatin da ɗaya." Washegari aka mayar da teburinta ɗakin masu gyara, kusa da wani dattijo Malam Zakariyya.

Shi ya koya mata aikin. Karatu biyu ake yi wa kowane shafi. Na farko daga sama zuwa ƙasa, leɓe yana motsi, don kunne ya kama abin da ido ya tsallake. Na biyu daga ƙasa zuwa sama, layi-layi, da rula a ƙarƙashi, don kada labarin ya ja mutum ya manta da aikinsa. Malam Zakariyya ya ce ranar da ta ji daɗin abin da take gyarawa, to ta tashi ta wanke fuska ta sake daga farko.

'Ya'yanta huɗu, uku suna raye. Na farin, Sulaiman, malamin lissafi ne a wata sakandare a Unguwar Gano. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi wata bakwai, ya rasu yana da shekara ashirin da tara. Shekara uku kenan.

A tsawon rayuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Haka ta taso ta ga uwarta tana yi wa babban wansu, haka kakarta ta yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In tana son sa takan ce "kai", in yana nesa ta ce wa ƙannensa "ku kira yayanku", in tana ba maƙwabta labari ta ce "yaron nan na wajen Malam". Shi ma ya san haka, har yakan tsokane ta. Ya taɓa kawo mata fom ɗin makaranta ya ce, "Umma, karanta mini layin farko da ƙarfi, idona na ciwo." Ta jefe shi da mafici. A zaman makokinsa mata sun yi ta yaba dauriyarta. Ita ce ma take ba wa masu kuka haƙuri, tana tambaya ko an kai wa na zaure ruwa.

Bayan an watse ne zama ya gagare ta. Ta ɗauki ɗinki ta ajiye. Ta shiga islamiyyar matan aure, ta yi wata biyu ta daina, don takan tsinci kanta tana gyara takardar jarrabawa maimakon amsa ta. Autarta Hadiza ce ta sa mata wani shiri mai dogon zango a waya, Layin Masu Walda, labarin wata tsohuwa Inna Delu mai sayar da ƙosai da ɗanta na fari Audu mai walda. Hajiya Jummai ta kalla ne don hannunta ya sami abin riƙewa. A ƙarshen zango na uku masu shirin suka kashe Audu a hatsarin mota, suka nuna zaman makoki na minti biyu, suka wuce zuwa bikin wata.

Masu kallo ba su yafe ba. A wani guruf na WhatsApp mai mata sama da ɗari shida, wata mai kiran kanta 'Yar Tarauni ta fara rubuta nata labarin da mutanen shirin. Ta koma baya tun yarintar Audu, tana cike abin da masu fim suka tsallake, babi ɗaya kowace Juma'a bayan la'asar. Hadiza ta sa uwarta a guruf ɗin.

Hajiya Jummai ba ta iya karatu a waya. Rula ba ta zama a kan gilashi. Don haka ta sa Hadiza ta haɗa mata babi shida, ta tafi da su wani shagon buga takardu a titin Kotu, na wata Madam Regina, aka buga mata. Bayan kwana biyu ta koma karɓar na bakwai, da na farkon a hannunta sun yi ja-ja-wur da biro. Yarinyar da ke kan kwamfuta, 'yar mai shagon, ta ƙura wa takardun ido.

"Mama, wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Ni. Marubuciyar tana da kai, amma ba ta da haƙuri. A shafi na biyu tukunyar tana kan wuta, a na uku an ce ba a hura wuta ba tun safe."

Yarinyar ta rufe fuska da tafin hannu. Madam Regina ta leƙo daga bayan injin hoto tana dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, ga 'Yar Tarauni nan a gabanki. Prisca, gaishe da malamarki. Na gaya miki wata rana za a kama ki."

A asibitin unguwar aka haifi Prisca, a layin ta yi wasan gala-gala, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Iyayenta mutanen Anambra ne, amma ita sau huɗu kacal ta je can, kuma kowane zuwa 'yan uwa suna kiran ta Bahaushiya. A guruf ɗin kuwa akwai wata Anti Hafsat da ta gano ko wace ce, ta sa mata ido. Tun kafin Hajiya Jummai ta shigo, Prisca ta taɓa rubuta wata mai takaba ta je biki da lalle a hannu. Kwana biyu ana yi da ita. Anti Hafsat ta rubuta cewa kowa ya tsaya a kan abin da ya gada, in rubutu take so ta yi da yarensu. Prisca ta yi wata guda ba ta saki komai ba, ta rame har uwarta ta kai ta gwajin jini.

Daga ranar da suka haɗu aka yi tsari. Laraba Prisca ta buga babi ta ba Hajiya Jummai, Juma'a da safe ta karɓa da jan biro a jiki. Abin da duk aka ja wa layi, gogewa take yi ba musu. Babi goma sha biyu suka yi a haka, Anti Hafsat ba ta sami abin kamawa ba sai yawan addu'a a bakin 'yan walda.

Babi na goma sha tara shi ne na mutuwar Audu. Matan guruf sun yi wata biyar suna jiran sa.

Hajiya Jummai ta zauna da shi ranar Laraba bayan azahar, a kan tabarma a inuwar bishiyar darbejiyar tsakar gida, da faranti a cinya a maimakon tebur. Shafi na ɗaya ta sami abu biyar. Na biyu, uku. A na uku Prisca ta sa an kawo gawa a motar asibiti, alhali a babin baya ta ce a ƙauye hatsarin ya faru kuma direban tirela ne ya ɗauko shi. Hajiya Jummai ta yi alama a gefe. Ta juya shafi na huɗu, leɓenta yana motsi kamar kullum.

An fito da makara daga ɗaki. Maza sun sa hannu za su ɗaga. Inna Delu, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta miƙe daga cikin mata, zaninta yana kwancewa, ta bi su har bakin zaure tana cewa, "Audu! Audu! Audu, ka tsaya, ban gama magana da kai ba."

Hajiya Jummai ta ji muryarta ta fito fili. Ba raɗa ta yi ba. Kaza da ke kiwo kusa da tabarma ta matsa.

Ta tashi ta wanke fuska ta dawo. Ta ɗora rula a layin ƙarshe na shafin don ta yi karatun ƙasa zuwa sama, amma layin ƙarshen shi ne "ban gama magana da kai ba", ta kasa hawa na samansa. Ta cire murfin biro. Kuskure ne, ta san kuskure ne tun kafin ta kai ƙarshen jimlar. Tsohuwa irin Inna Delu, wadda babi goma sha takwas tana cewa "yaron nan" da "mai waldar nan", ba za ta tsaya gaban maza da surukai ta kira ɗan fari da sunan yanka ba. Prisca ta kwaikwayi "yaron nan" daga shirin ba tare da ta san dalilinsa ba, ta ɗauka salon maganar tsohuwar ne kawai. In wannan shafin ya shiga guruf, Anti Hafsat ba za ta ma yi dogon rubutu ba. Layi ɗaya ya ishe ta, mata ɗari shida su taya ta.

Layi ɗaya ja daga kusurwa zuwa kusurwa, aikin daƙiƙa biyu. Ta mayar da murfin biro ba ta ja ba.

Ta gyara shafi na biyar zuwa na tara. Ta koma na huɗu. Ta tashi ta kwashe shanyar da ba ta gama bushewa ba, ta sake shanya ta. Ta ɗebo wake za ta tsince, ta bar shi a tire. Da la'asar ta sa takardun a ƙarƙashin filo, kafin magariba ta ɗauko su ta sa a jaka, ta rataye jakar a bayan ƙofa, ta dawo ta buɗe ta duba ko suna nan.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Ɗahiru yana zaune a kujerar roba da rediyonsa, yana kallon ta.

"Jummai, tsakar gidan nan sau uku kenan kina share ta. Simintin za ki kankare?"

Ta jingine tsintsiya. "Malam, a danginku ka taɓa jin uwa ta kira sunan ɗanta na fari a gaban mutane?"

"'Yan zamani ai har a lasifika. Matar ƙanena ba ga ta nan ba, tun daga bakin titi ake jin ta."

"Ba 'yan zamani ba. Tsohuwa. Irin Inna Delu."

"Wace Delu? Ta gidan mai itace?"

"Ta cikin fim."

"Au, aikin naki ne." Ya rage muryar rediyo. "A'a. Da sai a ce ta zautu, a kama ta a mayar ɗaki. A ina ta kira shi?"

"Da za a fita da shi."

Malam Ɗahiru ya juya rediyon a hannu, ya buɗe gidan batir ya rufe. Can ya ce, "To ki gyara mata mana. Ba shi ne aikinki ba?"

"Shi ne."

"To."

Ya miƙe ya sa takalmi, ko da yake da sauran lokaci kafin azahar. A bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba. "Ni ma ai Malam Ƙarami nake ce masa," ya ce, ya fita.

Da yamma Prisca ta turo saƙon murya. "Mama, yaya? Kin ga shafi na huɗu? Wallahi ina rubutawa ina kuka, har mamana ta ce in tashi daga kan kwamfutarta kada in jiƙa ta. Ki gaya mini gaskiya, ya yi?" Hajiya Jummai ta saurara sau uku. Ta fara amsa, ta goge. A shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa barin abin da ta san ba daidai ba ne ya wuce ta gabanta, ko na maƙiyi ne, balle na yarinyar da ta ba ta amana. Amma duk sanda ta hango shafin da jan layi a kai, Prisca ta danna maɓalli tsohuwar ta koma cikin mata ta zauna shiru, sai ta kasa ɗaukar biron. A ƙarshe ta rubuta, "Gobe zan zo da kaina."

Ba ta fita da safe ba. Ta yi wanka ta shirya tun ƙarfe tara, ta zauna a bakin gado da jaka a cinya, ta cire mayafi, ta sake sawa. Sai wajen ƙarfe ɗaya ta fito, lokacin da aka fara tare tituna don sallar Juma'a. Mai adaidaita ya sauke ta nesa da shagon ya ce nan ne iyakarsa, shi ma masallaci za shi. Ta ƙarasa da ƙafa, tana raɓa masu shimfiɗa darduma a gefen kwalta.

Shagon ƙofa ɗaya aka bari a buɗe, an kashe janareta saboda huɗuba. Madam Regina tana cin dafaffiyar gyaɗa tana fifita da kwali.

"Hajiya, sannu da zuwa. 'Yarki tun safe ta hana ni sakat. Ta leƙa titi ya fi sau ashirin, kamar mai jiran saurayi."

"Mama, ni na ce miki ina da saurayi?" in ji Prisca. Ta jawo wa Hajiya Jummai kujera, ta karɓi takardun da hannu biyu, ta fara buɗawa da sauri. Shafi na ɗaya ja, na biyu ja, na uku ja. Na huɗu fari tas. Ta ɗago da murmushi har kunne.

"Babu ko ɗaya! Mama Hajiya, yau na ci jarrabawa."

"Zauna, 'yar nan. Shafin nan gaba ɗayansa kuskure ne."

Murmushin ya tsaya a inda yake. Hajiya Jummai ta yi mata bayani a taƙaice, kamar yadda take bayanin tukunya da wuta. Ta gaya mata dalilin "yaron nan", da abin da ake kira kunyar ɗan fari, da abin da matan da ke zaune a tsakar gidan za su yi in tsohuwa ta aikata haka.

"Ko ranar da ya mutu?" in ji Prisca.

"Ranar ce ma aka fi sa mata ido."

Madam Regina ta ajiye gyaɗa. "Kai, Hausawa! Shekara talatin ina garin nan ban san wannan ba. Mu a wajenmu in uwa ba ta yi ihu da sunan ɗanta ba har ƙauye na gaba ya ji, cewa za a yi ita ta cinye shi."

"Kowa da nasa, Madam."

Prisca ta riga ta jawo ƙaramar kwamfutarta mai sauran caji. Ta shafa sakin layin gaba ɗaya ya yi shuɗi, ta kai yatsa. Hajiya Jummai ta riƙe mata wuyan hannu. Ita kanta ba ta san ta miƙa hannun ba.

"Ban ce ki goge ba."

"Kin ce kuskure ne."

"Kuskure ne."

"To in bar shi Anti Hafsat ta yanka ni?"

"Ban ce ki bar shi ba."

Prisca ta dubi uwarta, ta dubi Hajiya Jummai. "Mama, tun da muka fara ba ki taɓa yi mini haka ba. Ko ja, ko babu ja. Saura awa biyu da rabi. Kuma ni gaskiya," ta ɗan yi jim, don ba ta saba musu da ita ba, "ni ina son ta kira shi. Wata biyar ina rubuta tsohuwar nan, tana soya masa ƙosai tana ɓoye masa na ƙasan kasko, ba ta taɓa ce masa komai ba. In ba ta kira shi ba, me na rubuta?"

Daga lasifikar masallaci aka tayar da iƙama. Titin ya yi tsit, har ana jin ƙarar fankar wani shago mai sola. Hajiya Jummai ta saki hannun yarinyar ta gyara zaman jakarta.

"Buɗe sabon shafi. Ranar jana'iza ki bar Inna Delu a zaune. Ta tambaya ko an kai wa maza ruwa. Kowa ya ce kai, Delu akwai dauriya. Ki bar ta haka har a yi bakwai, a watse."

Prisca ta fara bugawa.

"Bayan sati uku ana neman takardar shaidar rasuwa, wajen aikinsa sun ce sai da ita. Babu mai zuwa sai ita. Ta tafi asibiti, ofishin da ake ajiye fayil. Taga ce ƙarama mai ƙarfuna, da layi. Ta kai gaba. Akawun bai ɗago ba, ya ce, sunan mamaci."

Yatsun Prisca suka rage gudu.

"Ta ce, yaron nan ne da ya rasu ranar Talata. Ya ce, Hajiya, mutum bakwai suka rasu ranar Talata. Ta ce, na ɗakin maza, gadon da ke jikin taga. Ya ce shi ba ya aiki da gado, da suna yake aiki. Ba faɗa yake yi ba, ki rubuta shi mutumin kirki, ya gaji ne kawai. Na bayanta suka fara tsaki. Wata ta ce, baiwar Allah, ba ki san sunan ɗanki ba ne?"

Madam Regina ta daina fifita.

"Audu a hanya ya mutu, Mama," in ji Prisca a hankali. "Bai kwanta a gado ba."

Hajiya Jummai ta jawo takardun. Ta dubi shafi na uku, inda ita da kanta ta yi alama a kan direban tirela.

"Haka ne. Cire gadon. Ki ce wanda aka kawo daga hanyar Wudil."

Prisca ta cire, ta gyara. Ba ta ɗago ba ta ce, "Sai aka yi yaya?"

"Akwai biro a jikin tagar, an ɗaure shi da zare. Ta jawo shi, ta rubuta a bayan katin asibiti, ta tura masa ta ƙarƙashin ƙarfe. Ya karanta da ƙarfi, ya tafi ya ɗauko fayil."

"Inna Delu ba ta iya rubutu ba. A babi na biyu mun ce da dangwale take sa hannu."

"Na sani."

Aka yi sallama a masallaci. Hayaniya ta fara dawowa titin, masu babur suna tayarwa, wani mai lemo yana kiran ciniki. Madam Regina ta tashi ta tura ƙofar da ke buɗe ta rage ta, ta ce wa wani da ya leƙo da takardu a hannu ya dawo an jima, injin ya yi zafi.

"Ni na iya rubutu," in ji Hajiya Jummai. "Ita ba ta da wannan mafitar. Sai ta faɗa."

Prisca ta share fuska da bayan hannu, ta ci gaba da bugawa. Ta yi minti goma a kai. Da ta gama ta juyo da kwamfutar. Hajiya Jummai ta ce a'a, a buga mata a takarda. Madam Regina da kanta ta fita ta ja janareta.

Shafin ya fito da ɗuminsa. Hajiya Jummai ta ɗora shi a kan tebur, ta karanta daga sama zuwa ƙasa. Prisca ta sa tsohuwar ta kama ƙarfen taga da hannu biyu, ta ce Audu, Audu, Audu, har layin ya yi shiru. Hajiya Jummai ta cire murfin biro ta ja layi a kan biyu.

"Sau ɗaya. Kuma ba da ƙarfi ba, sai akawun ya ce me kika ce, ta kasa maimaitawa. Na bayanta ce za ta maimaita masa."

"Sau ɗaya kawai, Mama? Bayan babi goma sha tara?"

"Ba za ta iya fiye da haka ba."

Prisca ta gyara. Ƙarfe huɗu da kwata ta ɗora babin a guruf, ta kife wayar a kan tebur ta ce ba za ta duba ba sai gobe, sannan ta ɗauka ta duba. Hajiya Jummai ba ta jira jin abin da matan za su ce ba. Ta ce azahar ta wuce ta, ga la'asar ta shiga. Madam Regina ta ce ta shiga ciki, akwai buta da dardumar da yaran shagon gaba suke ajiyewa, ta shimfiɗa mata a bayan injin hoto.